Hutun Damina a Ɗakin Kwamfuta

Litinin, 18 ga Agusta, 2025

Yau shugaban makaranta ya damƙa mini makullin ɗakin kwamfuta, ya ce in ga abin da zai yiwu kafin yara su dawo hutu. Ɗakin ya daɗe a kulle. Ni da Baba maigadi muka yini muna kakkaɓe ƙura, muna kwashe kashin ɓera daga bayan tebura. Kwamfutocin na kan tebur ne, tsofaffi, wata ƙungiya ce ta kawo su gudummawa shekarun baya. Da muka tada janareta wajen rabinsu suka kama. Sauran, wasu ɓera ya cinye musu waya, wasu kuwa sai ƙugi ba hoto.

Waɗanda suka kama ɗin ma ba lafiya gare su ba. Windows ɗin da ke kansu na jabu ne, irin wanda ake ɗora wa mutane a kasuwa, kuma duk filashar da ka soka sai ta fito da cuta. Ko da na ainihi ne ma kwanansa ya ƙare, domin Microsoft ya sanar cewa daga 14 ga Oktoban bana zai daina aiko wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro, shi kuwa Windows 11 yana neman kayan ciki da waɗannan injinan ba su da su.

Abin da ya hana ni barci a kan ɗakin nan shi ne jarrabawa. Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta kacokan, ga shi a bana Ministan Ilimi, Tunji Alausa, ya ce WAEC da NECO ma za su bi sahu zuwa 2026. Da yawa daga yaranmu ranar jarrabawar ce ranar farko da suke zama gaban kwamfuta. Yaro ya san amsa, amma hannunsa na rawa, lokaci na tafiya.

Da la'asar shugaba ya leƙo ya tambaye ni nawa za a kashe. Na ce, “Ranka ya daɗe, kuɗin fetur ne da na data.” Ya ce, “To manhajojin fa?” Na ce masu su ne da kansu suka ce kowa ya ɗauka. Ya jinjina kai ya ce, “Abin kyauta a wannan zamani? Allah ya sa ba tarko ba ne, Malam.”

Talata, 19 ga Agusta

Wani tsohon ɗalibina da yanzu ke gyaran waya a bakin kasuwa ya rufe shago ya zo taya ni. Da filasha guda muka bi injinan ɗaya bayan ɗaya, muna goge abin da ke kansu muna ɗora Linux Mint, samfurin Xfce mara nauyi, wanda ko injin mai ƙwaƙwalwar gigabait 2 yana iya ja. Injin da jiya sai ka sha shayi kafin ya buɗe, yau kafin ka gyara zama ya shirya. A ciki mun tarar da LibreOffice na rubutu da lissafin jadawali, kuma a jerin tsarin madannai akwai na Hausa har biyu, na Najeriya da na Ghana, don haka ɓ da ɗ da ƙ ba sai an nemo su daga wani wuri ba.

Muna cikin aiki malamin Arabiyya ya shigo, dattijo ne da kowa a makarantar ke girmamawa. Ya tsaya yana kallon yadda muke kwafar abu guda a kan injina da yawa, sannan ya yi tambayar da na ji daɗinta ƙwarai. Ya ce, “Malam, wannan ba shiga haƙƙin wani ba ne? Wani ya zauna ya yi wahala, ku kuna rabawa.”

Na ce, “Allah gafarta Malam, wanda muka goge ɗin shi ne na shiga haƙƙi. Wannan da izinin masu shi muke yi, kuma izinin a rubuce yake.” Na ba shi labarin Richard Stallman, masanin kwamfuta a jami'ar MIT ta Amurka, wanda firintar ɗakin bincikensu ta riƙa cije takarda, ya nemi asalin rubutun manhajarta don ya gyara aka hana shi. A 1983 ya shelanta cewa zai gina tsarin da babu mai hana wani duba cikinsa, ya sa masa suna GNU. A 1991 wani ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya rubuta zuciyar tsarin da ta rage, wato Linux. Lasisin da suke amfani da shi, GPL, ya ba kowa damar ya yi aiki da manhajar yadda ya so, ya karanta cikinta, ya canza, ya raba wa wasu. Sharaɗin shi ne duk wanda ya gyara ya fitar wa jama'a, to dole ya bar nasa gyaran a buɗe kamar yadda ya tarar.

Malam ya yi shiru, can ya ce, “Ashe wakafi ne. Mutum ya haƙa rijiya ya ce ta al'umma ce. Kowa ya ɗiba, amma wanda ya yashe ta ko ya ƙara mata zurfi ba shi da ikon ya kewaye ta ya sa ƙofa.” Ɗalibina ya tambaya ko ke nan haramun ne ya karɓi kuɗi in ya ɗora wa wani a shago. Na ce lasisin bai hana ba. Malam ya ce, “Ai mai ga-ruwa ba ruwan yake sayarwa ba, ɗana, wahalarsa ce.”

Ban taɓa jin wanda ya fahimci GPL da sauri haka ba.

Laraba, 20 ga Agusta

Tun asuba ake ruwa, wuta kuma babu. Da ya tsagaita na hau mota zuwa birni wurin wani abokina da ke aiki a wata babbar makaranta mai intanet mai ƙarfi. Da datar wayata ba zan iya sauke abin da nake so ba, balle tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a watan Janairu. Wikipedia ta Turanci gaba ɗaya da hotunanta ta haura gigabait 100, don haka na tsinci ɓangarori: na likitanci, na lissafi, na kimiyyar sinadarai, da ta sauƙaƙan Turanci. Ta Hausa kuwa dukkanta na ɗauko, ba ta ci wuri ba. A gidansa na kwana, kwamfuta na ta sauke kaya har gari ya waye.

Alhamis, 21 ga Agusta

Yau ce ranar da malamai suka fara yarda cewa ba wasa muke ba.

Mun zaɓi injin da ya fi ƙarfi muka mai da shi uwar garke, muka ɗora masa Kolibri da Kiwix, muka haɗa shi da wata tsohuwar rauta da ba ta da layin intanet ko kaɗan. Aikinta kawai ta watsa abin da ke cikin injin zuwa duk na'urar da ke kusa. Na rubuta adireshin a kan allo da alli, na ce kowa ya fito da wayarsa. Malamar ilimin halittu ta buɗe bidiyon yadda zuciya ke harba jini, sai ta yi sauri ta tsayar ta ce, “Malam, datata fa?” Na ce, “Kashe datar ma gaba ɗaya, Malama.” Ta kashe, bidiyo ya ci gaba. Nan take ɗakin ya kaure da surutu.

Kiwix da Kolibri duka biyun an yi su ne don wuri irin namu. Kiwix ta fito a 2007, aikin Emmanuel Engelhart da Renaud Gaudin, kuma shi Gaudin a Mali yake zaune, ya san abin da ake nufi da intanet mai tsada da yankewa. Tana matse shafuka dubbai cikin fayil guda da za a karanta ba layi. Ita kuwa Kolibri daga ƙungiyar Learning Equality take, a San Diego. Asalinta a 2012 ne, lokacin da wasu ɗaliban jami'a suka yi dabarar sanya darussan Khan Academy su yi aiki ba intanet, suka kira abin KA Lite. Kolibri ta gaje ta a 2017, ta faɗaɗa ta ɗauki littattafai da gwaje-gwaje da tambayoyi daga wurare da yawa. Cikin harsunan da ake iya juya fuskarta zuwa gare su akwai Hausa da Fulatanci da Yarabanci. Da na mai da tamu Hausa, Baba maigadi da ke bakin ƙofa ya matso ya karanta abin da ke sama da kansa.

Abin da ya fi burge ni a Kolibri ba tarin kayan ba ne. Malami yana iya buɗe aji a ciki, ya ba yara darasi, sannan daga mazauninsa ya ga wanda ya gama, da wanda ya maƙale a tambaya ta uku yana ta maimaitawa. A ajin da yara suka yi yawa har na baya ba ya jin muryarka, yaron da bai gane ba ɓoyewa yake cikin jama'a har zango ya ƙare. Yanzu ba sai ya ɗaga hannu a gaban abokansa ba kafin ka san yana neman taimako. Kuma bayanan yaran nan suna cikin injin da ke ɗakinmu, ba su tafi hannun wani kamfani ba.

Juma'a, 22 ga Agusta

Rabin yini muka yi. Kafin a tafi masallaci na nuna wa malamin Arabiyya Stellarium, manhajar da wani Bafaranshe, Fabien Chéreau, ya fara a 2001. Kana gaya mata garin da kake da lokaci, sai ta shimfiɗa maka sararin samaniya yadda yake a kanka, ko da rana ce, ko da hadari ya rufe. Da yake Safar na gab da ƙarewa, ya ce in tura kwanaki gaba ya ga inda jinjirin wata zai tsaya bayan faɗuwar rana. Ya duba da kyau ya ce, “Hukunci dai na ganin ido ne, amma wannan zai nuna wa mai duba inda zai kalla.”

Sai na buɗe masa jerin yadda al'ummu daban-daban ke karanta sama, na zaɓi na manzilolin wata na Larabawa. Kafin in nuna ya fara jero su da ka: Surayya, Dabaran, Haƙ'a, Han'a, Zira'a, Nasra, Ɗarfa, Jabha. Taurari 28 ɗin nan da malamanmu ke lissafin damina da su, kowane da kwana 13, ya ce tun yana almajiri ya haddace su, amma wasu bai taɓa sanin inda suke a sama ba sai yau. Ya ce zai kawo ajinsa.

Baba maigadi ya tambaya ina Kaza da 'Ya'yanta. Na nuna masa, ita ce dai Surayya. Ya ce to ina Zara, ina Gamzaki? A jerin akwai na Sinawa, da na Misirawan dā, da na Maori, amma babu na Hausawa. Na gaya musu cewa duk waɗannan mutane ne suka tattara suka aika aka sa, kuma ƙofar a buɗe take ga wanda ya tattara namu. Malam ya ce a fara da tsofaffin garin nan tun suna da rai. Na ba Baba littafi da biro, ya ce jikansa zai riƙa rubuta masa.

Asabar, 23 ga Agusta

Mun kira 'yan aji shida da ke cikin gari. Sun zo fiye da yadda injinan za su ɗauka, muka zaunar da su uku-uku. Da farko maza suka mamaye kujeru, mata suka tsaya a baya suna leƙe, sai Malama, wato malamar ilimin halittu, ta raba lokacin, ta ce safiya ta mata ce, maza bayan azahar. Haka za mu ci gaba.

Yaran nan sun iya waya sarai, amma linzamin kwamfuta wani abu ne dabam. Wasu na ɗaga shi sama, wasu na danna shi da ƙarfi har ya zame. Na buɗe musu GCompris, wadda Bruno Coudoin ya fara a 2000 don yara masu shekara 2 zuwa 10. Na yi fargabar za su ji an rena su, amma wasan goge allo don hoto ya fito da na kama kifi da linzami sun yi aikin da bayanina bai yi ba. Kafin awa guda hannaye sun saki. Daga nan muka koma Klavaro don sanin wurin haruffa, na kuma nuna musu cewa a jarrabawar JAMB ana iya amsawa da madannai kaɗai: A zuwa D don zaɓi, N don gaba, P don baya, S don miƙawa.

Wata yarinya ta ƙi taɓa komai, ta naɗe hannu cikin hijabi. Na tambaye ta, ta ce, “Malam, in na lalata fa? Babana ba shi da kuɗin biya.” Na ce, “Danna duk abin da kika ga dama. In kin rikita shi, ga filasha nan, mu sake ɗora shi kafin la'asar, ba ko kwabo.” Ta kalli Malama, Malama ta gyaɗa mata kai, sannan ta fito da hannun.

Na daɗe ina tunanin maganarta a hanyar gida. Ɗakunan kwamfuta da yawa a makarantunmu tsoro ne ya rufe su. Shugaba na tsoron a lalata a tambaye shi, malami na tsoron a cire a albashinsa, yaro na tsoron duka. In gyara ba ya cin kuɗi, kuma mai gyaran yana cikin gari, rabin tsoron ya tafi.

Litinin, 25 ga Agusta

Ɗakin gwaje-gwajenmu na kimiyya suna ne kawai, kwalabe ne da babu komai a ciki. Shi ya sa na matsu malamin fiziks ya ga PhET. Carl Wieman, wanda ya ci kyautar Nobel a 2001, shi ya kafa ta a Jami'ar Colorado a 2002, har da kuɗin kyautar tasa a ciki. Mun buɗe gwajin haɗa lantarki: ka jawo batir, ka jawo waya da ƙwai, ka haɗa, ƙwai ya kama, kana ganin ɗigo-ɗigon lantarki na zagayawa. Wani yaro ya haɗa kan batir da gindinsa da waya kai tsaye, sai ga wuta ta tashi a kan allo. Aka yi ta ihu. Malamin ya ce, “To, wa zai gaya mini dalili?” Darasin dokar Ohm da yake yi wa yara da alli shekara da shekaru, yau su suka riƙa jawo shi da tambaya.

Amma shi da kansa ya ce ba zai yarda allo ya maye gurbin hannu ba, kuma na goyi bayansa. Gobe zai zo da batiran tocila da 'yan wayoyi daga wurin mai gyaran rediyo, duk abin da yaro ya haɗa a kwamfuta ya sake haɗa shi a kan tebur, ya ji ɗumin wayar a yatsansa.

Malamin lissafi GeoGebra ya nema, ya saba da ita tun yana kwaleji. Manhaja ce mai kyau, Markus Hohenwarter ya fara ta a 2001 a Salzburg ta Austriya. Kana jan kusurwar alwatika, kana ganin jimlar kusurwoyin ba ta barin 180. Na ɗora masa, amma na gaya masa sharaɗinta ya bambanta da na sauran: kyauta ce ga wanda ba ciniki zai yi da ita ba, don haka a makarantarmu babu laifi, amma cibiyar da ke karɓar kuɗin darasi sai ta nemi izini. Kuma a 2021 kamfanin Byju's na Indiya ya saye ta, kamfanin da daga baya bashi ya yi masa katutu.

Ya ce to meye bambancin, tunda duk ba biya muke ba? Na nuna masa LibreOffice da ke gabansa. A 2010 Oracle ya sayi kamfanin Sun, mai kula da OpenOffice. Masu aikin sa-kai da ba su natsu da sabon mai gida ba suka ɗauki rubutun manhajar, tunda lasisi ya ba su dama, suka kafa The Document Foundation suka ci gaba da sabon suna. Ga shi shekara 15 ana amfani da ita. Abin da aka ba ka kyauta yau ana iya sa masa kuɗi gobe, ko a rufe shi in kamfani ya karye. Wanda aka saki rubutunsa da irin wannan lasisi kuwa babu mai iya dawowa ya karɓe. Makarantar da ba ta da kasafin sayen manhaja dole ta san wannan bambanci kafin ta gina darussanta a kan abu.

Talata, 26 ga Agusta

Yau murnata ta ragu, kuma gara da aka yi haka tun yanzu.

Malama ta sa 'yan aji huɗu su kalli bidiyon Khan Academy a kan ƙwayar halitta, sannan ta tambaye su abin da suka gane. Shiru. Mai bayanin Ba'amurke ne, yana sauri, lafazinsa ba irin wanda kunnensu ya saba da shi ba ne. Hoton ya burge su, maganar ta wuce su. Muka shiga neman abin da ke akwai da Hausa. A African Storybook, shirin da cibiyar Saide ta Afirka ta Kudu ta ƙaddamar a 2014, mun sami labaran yara masu kyau. A Wikipedia ta Hausa, wadda 'yan sa-kai ke ta ƙoƙari a kanta, abin da na fi cin karo da shi tarihin mutane ne da garuruwa. Bayanin yadda ganye ke haɗa abinci, ko dalilin da ƙarfe ke tsatsa, a rubuce yadda ɗan shekara 14 zai gane, shi ne ya yi ƙaranci. Fuskar Kolibri ta iya Hausa, amma cikinta Turanci ne.

Malama ta ce, “To wa muke jira ya rubuta mana?”

Babu wanda ya amsa, don kowa ya san amsar. Mutumin San Diego ya yi nasa, ya gina rumbu ya bar ƙofa a buɗe, ba zai san yadda ake yi wa yaron Funtuwa ko na Maraɗi bayanin numfashi ba. Kuma ba a hana mu ba. Yawancin kayan nan suna ƙarƙashin lasisin Creative Commons, wanda aka kafa a 2001, kuma nau'o'insa da dama sun yarda ka fassara, ka canza misalai, ka buga ka raba, muddin ka ambaci mai asalin aikin. A 2019 ƙasashen UNESCO, har da Najeriya da Nijar, suka amince da shawarar ƙarfafa irin waɗannan kayan karatu na buɗe, kuma samar da su cikin harsunan gida na cikin abin da aka ambata. Izini dai an bayar. Zaman rubutun ne ya rage.

Na ɗora mata Bloom a kan kwamfutarta ta hannu. Ƙungiyar SIL ce ta yi ta don mutanen da ba su taɓa haɗa littafi ba: ka zaɓi shafi, ka sa hoto, ka rubuta, in ka so ka naɗi muryarka a kan kowace jimla, sannan ta jera maka shafukan yadda in ka buga ka ninka zai zama ɗan littafi. Da ita aka rubuta littattafan Hausa na 'yan firamare a wani shiri da Jami'ar Amurka da ke Yola ta gudanar. Na haɗa mata da salon haruffan Andika, shi ma na SIL, wanda aka zana don masu koyon karatu, yana da haruffanmu masu lanƙwasa, kuma ba ya rikita ƙaramin l da lamba 1. Ta ce da sauro za ta fara, tunda lokacinsa ne, kuma don 'yan firamaren da ke makwabtaka da mu za ta rubuta, in hannunta ya faɗa ta hau na manya.

Laraba, 27 ga Agusta

Mun gwada jarrabawar gwaji da Moodle, tambayoyi 40, agogo na ƙirgawa a gefe kamar na ranar gaske. Ta fi Kolibri nauyi da wuyar saitawa, don haka jarrabawa kawai za mu riƙa yi da ita. Wanda ya ƙirƙire ta a 2002, Martin Dougiamas, a hamadar yammacin Ostireliya ya tashi, ta rediyo ya yi karatun firamare. Da na faɗa wa yara haka sai suka tuna darussan rediyo na lokacin korona a 2020. Ana saura minti kaɗan a gama man janareta ya ƙare, komai ya mutu. Da aka sayo aka tada, amsoshin da suka riga suka shiga suna nan.

Alhamis, 28 ga Agusta

Taron iyaye da malamai. Shugaban ƙungiyar, wani Alhaji mai sayar da hatsi, ya ji bayani ya ce a rubuta wa masu hannu da shuni a nemi ƙarin kwamfutoci. Na roƙi a dakata. Na tuna musu shirin kwamfuta ɗaya ga kowane yaro na Nicholas Negroponte, wanda aka gwada a makarantar firamare ta Galadima a Abuja a 2007. Su ma manhajar buɗe ce a kansu, amma shirin bai yi nisa a ƙasar nan ba. A Peru, inda aka raba su da yawa, binciken da Bankin Raya Ƙasashen Amurka ya fitar a 2012 bai ga ƙarin maki a lissafi ko karatu ba. A ganina an kawo injina ne kafin a tanadi malamin da zai yi aiki da su, da wutar da za ta riƙe su, da mai gyara.

Na ce, “Alhaji, abin da muke bukata wuta ce da ba ta dogara da fetur ba.” Tun da aka cire tallafi a 2023 janareta ya zama abin lallaɓawa. Na kawo shawarar a sayi Raspberry Pi, 'yar kwamfutar nan ta Ingila da ba ta fi tafin hannu ba, wadda wutar da take ci ba ta wuce wat 15, a mai da uwar garken kanta, a haɗa da faifan sola da batir guda. Ko manyan injinan na kashe, malamai za su shiga da wayoyinsu. Na kuma nemi a riƙa ba tsohon ɗalibina ɗan abin sabulu duk wata ya zo ya duba injinan.

An yi ta ja-in-ja a kan kuɗin batir. A ƙarshe aka amince da sola da alawus ɗin yaron, batir kuwa sai bayan an girbe masara. Shugaba ya sa ɗakin a jadawalin darasi, aka kuma yanka makulli na biyu aka ba Malama.

Asabar, 30 ga Agusta

Littafin Malama ya fito tun shekaranjiya da daddare, shafi 12. Ɗalibanta ne suka zana hotunan da biro muka ɗauka da waya: ƙwai a kan ruwan da ya kwanta a tsohuwar taya, tsutsa, sauro, gidan sauro. Ta naɗi muryarta a kan kowane shafi. Wajen zaɓen lasisi ta tambaye ni ma'anar kowane, ta ɗauki wanda ya yarda kowa ya kwafa ya gyara in dai ya ambaci sunanta. Ta ce in malamin Damagaram ya ga kalmar da ba haka suke faɗa ba, ya canza abinsa.

Jiya muka kai wa wata malamar aji uku ta firamare kwafi, ta karanta da yaran unguwarsu. Yau da safe ta dawo da shi duk jan biro. Ta ce, “Yaya, bayanin ya yi, amma jimlolinki na 'yan sakandare ne. Yaro na kaiwa tsakiya numfashinsa ya ƙare.” Ta nuna shafi na 5 inda aka ce sauro na yaɗa ƙwayar cuta, ta ce yaran sun ɗauka ƙwayar magani ake nufi, a sake wata hanyar. Ta kuma ce a ƙara shafin da ke nuna macen sauro ce ke cizo, don yaran sun yi ta gardama a kai.

Malama ta jawo kujera ta ce mata ta zauna kusa. Suka buɗe fayil ɗin, suna karantawa da ƙarfi suna datse jimloli, duk shafin da aka canza sai a sake naɗar murya. Kafin azahar sabon kwafi ya shiga Kolibri, malamar firamaren kuma ta karɓa a wayarta ta tafi da shi. Malamin fiziks da ke gefe yana saurare ya ce ranar Litinin a ɗora masa Bloom shi ma, yana so ya rubuta na batir da ƙwan lantarki kafin a koma makaranta.